Jarida Da Fayil A Zamanin Wayar Hannu

Duk wanda ya mallaki hankalinsa a watan Agusta na 2014 zai iya tuna daren gishiri. Makonni kaɗan kafin nan wani matafiyi daga ƙasar Laberiya ya sauka a filin jirgin saman Ikko ɗauke da cutar Ebola, hankalin jama'a kuwa duk ya tashi. Ana cikin wannan hali sai wani saƙo ya ɓulla a wayoyin hannu, wai kowa ya tashi kafin asuba ya yi wanka da ruwan ɗumi da gishiri, ya kuma sha, wai shi ne rigakafin cutar. Cikin dare ɗaya saƙon ya ratsa ƙasar nan tun daga bakin teku har iyakar arewa. 'Ya'yan da ke birni suka riƙa tayar da iyayensu na ƙauye da tsakar dare. Kada kuma wani ya ce marasa ilmi kaɗai ne suka faɗa, domin da manyan ma'aikata da malaman makaranta aka yi wankan. Kafin hukumomin lafiya su ƙaryata maganar, gari ya waye, masu sha sun riga sun sha. An ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum 2, wasu kuma aka kwantar da su a asibiti. Ita kanta cutar da ake gudu, mutum 8 ta kashe a duk faɗin Nijeriya kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kawar da ita ranar 20 ga Oktoba na wannan shekarar.

Mun tuno da wannan al'amari ne saboda ya nuna ƙarara abin da ya sami labari a zamaninmu. Ba likita ne ya rubuta saƙon nan ba, ba edita ne ya duba shi ba, amma ya isa inda babu jaridar da ta taɓa isa, cikin sa'o'in da ba su kai na buga shafi ɗaya a da ba. Abin da muke so ma'aikatan gwamnati da ɗalibai su lura da shi shi ne, tsakanin jin labari da yaɗa shi a da akwai wani ɗan jinkiri, kuma a cikin jinkirin nan ne ake tantance gaskiya. Na'ura ta zo ta kawar da jinkirin, ta tafi har da tantancewar, kuma har yanzu ba mu zauna mun shirya abin da zai maye gurbinta ba, ko a ɗakin labarai ko a ofis.

Bari mu tuna wa matasa yadda aikin yake a da. Wakilin jarida da ke Sakkwato ko Yola zai rubuta labarinsa da keken rubutu, ya aika ta gidan waya ko ta tangaraho, in kuwa ya yi sa'ar samun layin tarho ya karanta wa wani a hedkwata yana rubutawa. Daga nan labarin ya je hannun mai tace labarai, ya wuce teburin edita, ya gangara wurin masu haɗa baƙaƙe, mai duba kurakurai ya bi shi kalma bayan kalma, sa'an nan injin ya buga, mota ta kwana a hanya tana rabawa. Hannu biyar ko shida ke taɓa labari ɗaya, kowane hannu kuma yana iya tsayar da shi ya tambaya: wa ya faɗa? An ji ta bakin ɗaya ɓangaren? Haka yake a ofis. Wasiƙa ta shigo, a buga mata hatimin kwanan wata a rajista, a ba ta lamba, a saka ta a fayil, masinja ya kai ta tebur bayan tebur, kowane jami'i ya rubuta ra'ayinsa ya sa hannu, har ta isa gaban Babban Sakatare. Bayan shekara ashirin, in magana ta taso, fayil ɗin nan zai faɗi wanda ya ce a yi da wanda ya ce kada a yi.

Ba muna cewa wancan zamani ba shi da aibi ba ne. Jita-jita ta girmi wayar hannu nesa ba kusa ba. Daga cikin dalilan da suka sa aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin Janairun 1939, wadda Malam Abubakar Imam ya yi wa edita, akwai raɗe-raɗin da ya bazu cewa Ingila za ta miƙa ƙasar nan ga Jamus. Kuma tsarin da ya tara labari a hannun 'yan ƙalilan ya ba su damar ɓoye abin da suka ga dama. Ba banza ba duk sojan da ya tashi juyin mulki gidan rediyo yake fara kamawa. Shi ma fayil ɗin da muke yabo, sau nawa ya kwana wata uku a ƙarƙashin teburin wani akawu, mai haƙƙi yana zarya har takalminsa ya ƙare?

Juyin ya fara ne a 2001. Kafin wannan shekara layukan tarho da ke aiki a duk Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, kuma samun layi ɗaya sai mai uwa a gindin murhu. A watan Janairu aka yi gwanjon lasisin wayar tafi-da-gidanka, a watan Agusta kamfanoni suka fara aiki, yau kuwa layukan sun haura miliyan 150. Bayan waya sai intanet ta shigo cikinta, sai Facebook da Twitter da WhatsApp. A 2016 Facebook ya sanya Hausa cikin harsunan da ake iya amfani da su a shafinsa. Amma a ganinmu abin da ya fi kowanne tasiri a ƙasar Hausa shi ne saƙon murya, domin shi ne ya shigar da wanda bai iya karatu da rubutu ba cikin harkar. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe jarida ba yanzu tana karɓar labari, tana kuma turawa gaba.

Alherin wannan juyi ba ƙarami ba ne, kuma rashin adalci ne a musanta shi. A daren 14 ga Afrilu na 2014 aka sace 'yan mata 276 daga makarantar sakandaren gwamnati ta Chibok a Jihar Barno. Bayan kwana biyu hedkwatar tsaro ta ba da sanarwar cewa an kuɓutar da su duka in ban da 8. Iyayen yaran da shugabar makarantar suka ce sam ba haka ba ne, muryarsu ta fito ta waya da shafukan intanet, ala tilas aka janye sanarwar. Kafin watan ya ƙare maganar ta cika duniya ta hanyar Twitter. Da a zamanin tangaraho ne, wa ya san tsawon lokacin da sanarwar nan za ta ɗauka tana zaune a matsayin gaskiya? Haka nan yau manomi a ƙauye yana iya ɗaukar hoton gadar da ta karye, ko ajin da rufinsa ya yaye, ya nuna wa Gwamna ba tare da ya nemi iznin kowa ba. Ɗan jarida mai himma kuma yana iya samun kundin kasafin kuɗi yana zaune a ɗakinsa, abin da a da sai ya yi sati yana roƙo a ƙofar ma'aikata.

To, amma wuƙar da ta yanka nama ita ce ke yanka yatsa. A watan Yuni na 2018, lokacin da aka yi kashe-kashe a yankin Barikin Ladi na Jihar Filato, wasu munanan hotuna suka cika Facebook, ana cewa na abin da ke faruwa ne a lokacin. Binciken da BBC ta fitar a watan Nuwamba na shekarar ya nuna cewa ɗaya daga cikin hotunan ya yi watanni yana yawo kafin rikicin, wani hoton bidiyo kuma ba ma a Nijeriya aka ɗauke shi ba, a Kwango Barazabil ne tun 2012. 'Yan sandan jihar sun ce hotunan sun taimaka wajen hura wutar ramuwa, inda aka tare hanya aka fito da mutum 11 daga motoci aka kashe su. Binciken ya kuma gano cewa masu tantance labarai da kamfanin ya dogara da su a Nijeriya a lokacin mutum 4 ne kacal, babu mai jin Hausa a cikinsu. Wannan ya ishe mu sanin cewa kamfanin da ke Amurka ba zai tsare mana gidanmu ba.

A nan dole mu 'yan jarida mu fara da kanmu. Kuɗin talla da ke riƙe jaridu a da yawancinsa ya koma hannun Google da Facebook, abin da ya rage kuma ana auna shi ne da yawan mutanen da suka latsa labari. Sakamakon haka sai kanun labarai suka zama tarko. A rubuta kai mai tayar da hankali, mai karatu ya shiga ya tarar babu komai a ciki. Gasar da ake yi yanzu ta wanda ya riga fitarwa ce, ko da abin da ya fitar ɗin daga shafin wani da ba a san ko wane ne ba ya kwaso shi. Sau nawa aka sanar da mutuwar mutum yana zaune da iyalinsa yana cin tuwo? Abin da ya fi wannan muni shi ne yadda ake gyara kuskure. A da in jarida ta yi kure, washegari za ta buga gyara da neman afuwa a inda kowa zai gani. Yau sai a lallaɓa a goge labarin kamar ba a taɓa rubuta shi ba, alhali kuwa dubban mutane sun riga sun ɗauki hotonsa sun tura. Duk gidan jaridar da ke son a bambanta shi da mai shafin da ke neman mabiya, to ya dawo da gyara a fili, ya kuma yarda wani ya riga shi fitar da labari in dai shi bai gama tabbatarwa ba. Ƙungiyoyin tantance labarai irin su Africa Check da Dubawa suna ƙoƙari, amma aikinsu yana zuwa ne bayan ƙarya ta riga ta fita. Edita ne kaɗai ke tsaye a bakin ƙofa tun kafin fitar.

Sai dai laifin bai tsaya a kan 'yan jarida ba, kuma a nan ne muke so ma'aikatan gwamnati su saurara da kyau. Jita-jita ba ta tsiro sai a filin da hukuma ta bari babu shuka. A 2017 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya yi fiye da kwana 100 a Landan yana jinya, ba a kuwa gaya wa jama'a abin da ke damunsa ba. Cikin wannan shiru aka ƙago tatsuniyar cewa ya rasu an sauya shi da wani Jibrin ɗan Sudan. Maganar da ko yaro ya kamata ya yi wa dariya ta yi ƙarfi har sai da Shugaban ƙasa da kansa, a wata ziyara ƙasar Polan cikin Disambar 2018, ya tsaya gaban jama'a yana tabbatar musu cewa shi ne. Abin da ya faru a sama shi ke faruwa kullum a ma'aikatunmu. Albashi ya makara, ba wanda ya fito ya ce ga dalili, kafin azahar an ƙirƙiro dalilai goma a WhatsApp. Ɗan jarida ya buga wa jami'in watsa labarai waya, ya ce sai ya ji daga Kwamishina, Kwamishina kuma yana taro. Jami'in yana ganin ya tsare mutuncin ofis, alhali ya bar wa maƙaryaci fili ne.

Akwai kuma wata ɓarna da ke cin aikin ofis a hankali, wadda ba a cika maganarta ba. Yau sakula takan fito a zaurukan WhatsApp kafin ta isa teburin wanda aka rubuta dominsa, ta gaskiya da ta jabu duk kamarsu ɗaya, da tambari da sa hannu. An sha ganin takardun bogi na ɗaukar ma'aikata, da na ƙarin albashi, da na hutun da ba wanda ya bayar, matasa masu neman aiki kuma su ne ke asarar 'yan kuɗinsu a hannun 'yan damfara. Ma'aikaci yakan ji labarin canjin wurin aikinsa, ko ma sallamarsa, daga bakin maƙwabcinsa da ya gani a Facebook. Wannan wulaƙanci ne ga mutumin da ya ba aikin gwamnati ƙuruciyarsa.

Mafi hatsari shi ne umurnin da ake bayarwa ta saƙon murya. Babba ya ce wa ƙarami a biya wane, ko a ba wane kwangila, ba takarda, ba lamba, ba fayil. Ranar da aka yi wa babban canji ya tafi da wayarsa a aljihu, ya tafi da tarihin ofis ɗin gaba ɗaya. Ranar da masu binciken kuɗi suka zo kuma, ƙaramin da ya sa hannu shi za a riƙe. Gaskiya ne sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda kotu ta karɓi abin da aka ciro daga na'ura, amma saƙon da aka goge, ko wayar da ta faɗa ruwa, ba za su tsaya wa kowa shaida ba. Shawararmu ga ƙananan jami'ai ita ce, duk umurnin da ya zo ta waya a nemi a tabbatar da shi a rubuce, cikin ladabi, kafin a aiwatar. Ɗaliban tarihi da ke zuwa Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna suna iya karanta abin da wani Di'o ya rubuta game da harajin wata gunduma shekara ɗari da suka wuce. Muna tambaya: ɗalibin da zai zo nan da shekara hamsin, me zai tarar game da yadda aka yanke shawara a zamaninmu? Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya ya sanya ƙarshen 2025 a matsayin wa'adin da ma'aikatu za su bar takarda su koma fayil na kwamfuta. Tunani ne mai kyau, muddin fayil ɗin na ofis ne, yana da lamba da kwanan wata da sunan wanda ya taɓa shi, kuma jihohi da ƙananan hukumomi su ma sun bi sahu.

Idan abu ya dami hukuma, hannunta ya fi saurin kaiwa ga kwaɗo da mabuɗi. A ranar 4 ga Yuni na 2021 Gwamnatin Tarayya ta sanar da dakatar da Twitter, wanda yanzu ake kira X, bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaban ƙasa. Abin mamaki, a shafin Twitter ɗin Ma'aikatar Watsa Labarai ta sanya sanarwar. Dakatarwar ta kai wata 7, har zuwa 13 ga Janairu na 2022. A tsawon lokacin masu yaɗa ƙarya sun bi ta bayan gida da manhajojin ɓoye wuri sun ci gaba da harkarsu, ma'aikatun gwamnati da gidajen rediyo da talabijin masu bin doka kuwa su ne suka yi shiru. Wato dai an rufe bakin mai gyara an bar na mai ɓatawa. A watan Yuli na 2022 Kotun ECOWAS ta yanke hukunci cewa matakin ya saɓa wa doka.

Wannan ba sabon darasi ba ne. Dokar soja mai lamba 4 ta 1984 ta sa an ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar The Guardian shekara ɗaya saboda labarin naɗin jakadu, amma ba ta hana raɗe-raɗi ba, a 1985 kuma aka soke ta. Sashe na 24 na Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara 3 ko tarar Naira miliyan 7 a kan saƙon da aka ce ya ɓata wa wani rai ko ya ci mutuncinsa, lafazin da ke da faɗin da kowane mai iko zai iya shigar da mai sukarsa ciki. An taƙaita sashen a 2024, duk da haka an ci gaba da kama 'yan jarida da sunansa. Ba mu ce a ƙyale mai ƙirƙiro hoton da zai sa a zubar da jini ba. Irin wannan a gurfanar da shi gaban alƙali a bainar jama'a, da shaida. Wanda aka ɓata wa suna kuma ƙofar kotu a buɗe take ya nemi diyya. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a aika 'yan sanda su ɗauko mai rahoto daga wata jiha da dare saboda ya tambayi inda kuɗin wata kwangila suka shiga.

Maganin da ya fi kwaɗo yana nan a cikin dokokinmu, amfani da shi ne ba a yi. Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda aka sa wa hannu a watan Mayu na 2011, ta wajabta wa kowace ma'aikata ta amsa buƙatar mai neman bayani cikin kwana 7, ta kuma riƙa wallafa wasu bayanan tun kafin a tambaya. Jihohi da dama sun daɗe suna fakewa da cewa dokar ta Tarayya ce, amma a 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa ta hau kansu su ma. Saboda haka muna kira ga kowace ma'aikata ta kasance da shafi ɗaya sananne wanda duk sakula da sanarwa za su fito a cikinsa da lambarsu, a ranar da aka sa musu hannu, da Turanci da Hausa, yadda duk takardar da ba a gani a can ba kowa zai san ta jabu ce. A ba jami'in watsa labarai ikon yin magana, a riƙa shigar da shi taron da ake yanke shawara, maimakon a mai da shi mai ɗaukar hoton Kwamishina. Ma'aikaci kuma a sanar da shi abin da ya shafi aikinsa kafin duniya ta ji.

Ɗalibanmu, musamman masu koyon aikin jarida a jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha, su ne za su gaji wannan fage, kuma nasu zai fi namu wuya. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun kai matsayin da za su kwaikwayi muryar mutum da fuskarsa, su sa shi faɗin abin da bai taɓa faɗa ba, har da Hausa. Ya kamata makarantun nan su koyar da yadda ake bin sawun hoto a gano ranar da ya fara fitowa da inda aka ɗauke shi, da yadda ake rubuta takardar neman bayani a ƙarƙashin dokar 2011, kamar yadda a da ake koyar da keken rubutu da gajeren rubutu. Hukumomin da ke tsara manhajar karatu a jami'o'i da kwalejoji su duba wannan tun yanzu, kafin kakar zaɓe ta kankama, lokacin da irin waɗannan muryoyi na jabu suka fi yawa a wayoyin jama'a.